Ni Na Koya Wa Shafa Kunna Kwamfuta

Na san abin da ya kawo ku shagon nan, ba sai kun faɗa ba. Kun ji Shafa'atu a rediyo tana bayanin manhajar da ta rubuta wa asibitocin karkara, kun ji an ce 'yar Bukkuyum ce, kun kuma ji ta ce a wani ɗan shago na Gummi ta fara. To, ga ɗan shagon, ga mai shi. Sunana Lubabatu, duk garin nan Anti Luba ake ce mini. Ita ba ta faɗi sunan ba, wataƙila lokacin shirin ne ya ƙure mata. Ɗazu kuma na ji ɗayarku tana raɗa wa ƙawarta wai aikin danne-danne ne kawai, wata guda ya isa. Ku gyara zama. Wuta ba ta dawo ba tukuna, ni kuwa ba zan tayar da janareto don hira ba.

A Anka na fara, tun ba a san kwamfuta a yankin nan ba. Ofishin makarantarmu akwai mai buga takardu, Madam Rifkatu, Kirista ce daga kudancin Kaduna, ta daɗe cikinmu har Hausarta ta koma irin tamu. In an fita tara, 'yan ajinmu su nufi masu ƙosai, ni in nufi tagar ofis in tsaya ina kallon yatsunta a kan tafireta. Idonta yana kan rubutun da take kwafewa, hannunta yana can yana aikinsa, ko sau ɗaya ba ta duba shi ba. Abin da ya kama ni ke nan. Da na gama makaranta Baba ya so in yi malanta, Inna ta so aikin asibiti. Inna ta ce, "Mi za ki samu ga ƙwanƙwasar ƙarhe? Mace ko aji ko asibiti." Na ce ni dai aikin buga takardun nan nake so. Kwana da kwanaki ana ja, daga baya Baba ya ce a bar ni in gwada, in na gaji na dawo.

Watan farko da na fara koyo a wurinta, Madam ba ta ba ni takarda ko ɗaya ba. Ta ɗora yatsuna a layin tsakiya, ta cire ɗankwalinta ta rufe hannuna da shi. In na ɗaga gefe don in leƙa, rula ta sauka a bayan hannuna. Da safe kafin ta iso in share cikin haruffa da allura da tsohon buroshin haƙori, saboda tawada tana cika cikin e da o su fito kamar ɗigo. In canza kintinkirin tawada, hannuna ya yi baƙi har azahar. Sai da na iya wannan ta nuna mini kabon, yadda ake jera takarda uku a buga su lokaci guda, sannan sitensil, wanda in kin yi kuskure a kansa sai kin shafa wani jan ruwa mai warin man farce, ki hura, ki jira ya bushe.

Aikin farko da ta sakar mini ni kaɗai takardar jarrabawar lissafi ce. A tambaya ta huɗu na buga takwas inda malami ya rubuta uku. Aka gurza sitensil ɗin a injin kwafi, aka raba, yara suka yi ta fama lissafi ya ƙi fita. Madam ba ta zage ni ba. Alli ta miƙo mini ta ce in bi aji-aji in gyara a allo da hannuna, in kuma gaya wa yaran ni ce na ɓata. Akwai ƙannen ƙawayena a cikinsu. Tun ranar ba takardar da ta bar hannuna ban karanta ta sau biyu ba, na biyun da murya.

Aure ya kawo ni Gummi. Da kwamfuta ta fara shigowa na je Sakkwato na yi kwas na wata uku, da goyo a bayana, na dawo na sayi ta hannu, irin mai ƙaton ƙeyar nan, na buɗe shagon da kuke zaune a ciki. Ku yanzu kun saba da na'urar da ke adana aiki da kanta. A lokacin in an ɗauke wuta kina shafi na goma sha biyu, to kin koma shafi na ɗaya. Na koyi tayar da janareto, na koyi buɗe firinta in zaro takardar da ta maƙale ba tare da na yage ta a ciki ba, na koyi gane ƙarar da faifan ajiyar kwamfuta ke yi in ya kusa mutuwa. Ba mai gyara a garin, sai dai ki gyara ko ki rufe shago.

Akwai katin ɗaurin aure da ba na mantawa. Wani Alhaji mai sayar da taki zai aurar da ɗansa, ya kawo rubutu, na buga, ya kwasa. Bayan la'asar sai ga shi ya dawo da katin a hannu, ko sallama bai ƙarasa ba.

"Luba, mi na yi maki? Manyan baki nike gayyata? Hakimi da limamai su na manyan baki?"

Kwamfutar ba ta da ƙ mai lanƙwasa, baƙi suka koma baki. Na zauna da baƙin biro na bi katin nan ɗaya bayan ɗaya ina yi wa k ƙugiya, har wuyana ya sage. Daga nan ban huta ba sai da na gano yadda ake fito da ƙ da ɗ da ɓ a na'ura, kuma shekaru da dama ni kaɗai ke yi a garin nan. Ban ji an faɗi wannan a rediyo ba.

Yawancin masu zuwa kuwa ba rubutu suke kawowa ba, magana suke kawowa. Dattijo zai zauna nan inda kike, yana son takardar ƙorafi kan iyakar gona, sai ya faro daga kakansa. Aikinki ki saurara har ki tsinto abin da yake so a rubuta, ki karanta masa, ya ce haka ne. Matar da mijinta ya rasu za ta zo da takardun gado. Wani zai kawo sakamakon asibiti a yi masa fotokwafi, ya kife shi a kan tebur yana kallon fuskarki. Abin da ya shiga idonki a nan, a nan zai tsaya. Wadda bakinta ba ya riƙe magana a cikinku, gara ta nemi wata sana'ar tun yau.

Shafa ta zo mini ne bayan ta gama sakandare, tana zaune wurin goggonta a nan Gummi. Babanta Malam Garba manomi ne a Bukkuyum. Ranar farko tsayawa ta yi tana laluben bayan na'ura, ni na kama yatsanta na ɗora a kan maɓallin kunnawa. Kuma gaskiya zan gaya muku, a duk waɗanda na koya wa aiki ba mai nauyin hannu kamarta. Shafi ɗaya sai ta kai rabin awa. Ga shegen tambaya. Me ya sa in an danna nan wancan ke faruwa? Wa ya gaya wa na'urar ta yi haka? In na fita salla in dawo in tarar ta shiga wuraren da ban taɓa shiga ba, ta juya mini komai. Sau biyu ina cewa ta koma gida, goggonta na zuwa ba da haƙuri.

Sai shekarar gubar dalma ta zo. Ku kuna ƙanana lokacin. Ana niƙa dutsen zinari a cikin gidaje a Dareta da Yargalma da Tungar Daji, ƙurar tana shiga jikin yara, suna ta suma suna mutuwa. Likitoci suka zo, na gida da na waje, ana ɗibar jinin yara ana aunawa. Aka nemi masu shigar da bayanai a kwamfuta a Anka, aka aiko mini, na tafi da Shafa don ta riƙa karanto mini takardu. Kullum mota ta kawo fom cike da kwali: sunan yaro, na uba, na uwa, gida, shekaru, sai sakamakon jini in ya fito. Wanda dalmarsa ta yi yawa a je a ɗauko shi a fara magani. A nan ba katin biki ba ne. In kin tsallake layi ɗaya, yaron wani aka bari a gida.

Wata Talata sakamakon wata yarinya ya fito da yawa ƙwarai, Hadiza Sani, 'yar shekara uku, daga Yargalma. Ma'aikata suka je suka dawo hannu wofi, wai matan gidan sun ce ba su da Hadiza. Aka yi cirko-cirko. Na koma cikin takardun gidan na bi su da yatsa, sai na ga wata Inno Sani, shekara uku ita ma, uwa ɗaya, ba sakamako a gabanta. Nan take na gane. Sunan kakarta aka sa mata. Ranar ɗibar jini uban ne ya kawo ta ya ce Hadiza. Ranar ƙirga gida uwar aka tambaya, ita kuwa ba za ta kama sunan uwar mijinta ba ko za a yanka ta, ta ce Inno. Na ce da ma'aikacin lafiya, "Ku koma. Kada ku ce Hadiza, ku ce ina Inno." Kafin la'asar suka kawo ta a kafaɗar uwarta, jikinta duk ya saki. Tana nan da ranta har yau.

Da muka zauna cin abinci Shafa ta ce, "Anti, to irin wagga nawa ne cikin takardun ga?" Na ce Allah kaɗai ya sani, sai mu sa ido. Kwana biyu tana kan na'ura lokacin hutu, ko tuwonta ba ta gamawa. A rana ta uku ta kira ni. Ta shirya jadawalin yadda duk yara biyu da suka haɗa uwa da gida da shekaru amma suna ya bambanta, layinsu zai koma ja da kansa. Jajayen layuka suka fito, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Muna cikin kallo babbar likitar, wata baturiya, ta zo wucewa ta tsaya a bayanmu.

Ta ce, "Wa ya yi wannan?"

Shafa ta ce ita ce, ta ƙara da cewa ni na gano maganar sunayen. Ta faɗa, ba zan yi mata ƙarya ba. Likitar ta gyaɗa mini kai, ta jawo kujera ta zauna kusa da Shafa. Sun fi awa suna magana. Ni na ci gaba da shigar da fom, don akwai saura rabin kwali.

Da aikin ya lafa, likitar ta ce wa Shafa akwai hanyar da za a taimaka mata ta yi karatun rubuta manhaja a jami'a. Ni ba wanda ya tambaye ni ko ina so. Ina da 'ya'ya huɗu da shago, da an tambaye ni ma a'a zan ce. Amma ba a tambaya ba.

Bayan mako biyu Malam Garba ya hawo mashin tun daga Bukkuyum ya same ni a nan. Ya cire takalmi a bakin ƙofa kamar zai shiga masallaci.

Ya ce, "Malama, dangi sun tasa ni gaba. Sun ce in karatu za ta yi, ta yi na unguwarzoma, shi munka sani ga mace. Ita ko ta ce wanga na kwamfuta take so. Ni ban san shi ba. Ke kin san shi, kin san ta. Abin da kinka ce shi za ni yi."

Kalma ɗaya ta ishe ni. In na ce hannunta da nauyi, ban yi ƙarya ba, kuma shi ke nan an rufe magana. Na ce ya ba ni lokaci in yi tunani. Kwana uku na bar dattijon nan yana jira a gidan ƙanwarsa, ga aikin gona ya baro. Ba abin da nake tunawa a kwana ukun da ban riga na sani ba tun ranar farko. Da ya dawo na ce masa, "Malam, ɗiyarka ba za ta taɓa zama mai buga takardu ta kirki ba. Amma abin da ta yi a Anka ni ban iya shi ba, kuma ba wanda ya koya mata. Ka bar ta ta tahi." Ya yi godiya har yana durƙusawa. Bayan fitarsa na ɓata takarda huɗu a jere a kan wasiƙa mai layi shida.

Ta tafi, ta gama, ta samu aiki a Abuja. In ta zo salla takan biyo ta gaishe ni da turmin atamfa, ta buɗe 'yar siririyar kwamfutarta a kan teburin nan, wadda ba ta kai nauyin faranti ba, tana nuna mini abubuwa. Ni ina cewa madalla.

Shekarar da ta fi kowace muni a sana'ar nan ita ce wadda aka rufe layukan waya a jihar nan saboda 'yan bindiga. Ba kira, ba saƙo, ba intanet. Rabin aikina a lokacin cike fom ne na makarantu da neman aiki, duk ya tsaya cik. In buɗe shago in share, in zauna, in rufe. Ana haka aka buɗe neman gurbin wata kwalejin koyon aikin jinya, ga ranar rufewa ta matso, ga yara kusan arba'in a garin nan suna so, yawanci mata. Sabis sai an je can bakin iyakar Kebbi, kan wani tudu. Wa zai kwashi 'yan mata arba'in ya bi hanyar nan da su a wancan lokacin?

Shafa tana Bukkuyum, ta zo jinyar innarta, rufewar ta rutsa da ita. Ta zo Gummi sayen magani ta leƙo. Na ce, "A'a, manyan Abuja! Yau ina manhaja?" Ta yi dariya ta ce manhaja tana barci. Ba zan ɓoye muku ba, ranar na ci abinci da daɗi. Da ta ji maganar yaran sai ta ajiye jakarta. Ta taɓa ganin fom ɗin kwalejin, ta san abin da yake tambaya. Ta zauna nan wuni biyu ta haɗa wani abu da ke aiki ba sabis: a shigar da bayanin kowace yarinya a shago, ya duba in an bar gurbi ko an juya ranar haihuwa, ya rage girman hoto daidai yadda ake so, ya jera komai bi da bi. In an isa inda sabis yake, shigarwa kawai ta rage.

Mu biyu muka tafi, da sassafe, a motar 'yan kasuwa. Tudun cike da mutane, kowa ya ɗaga waya sama yana juyi. Muka samu gindin wata ƙirya, na shimfiɗa ɗankwali na ɗora kwamfuta a kan cinya. Direba ya ce ƙarfe uku zai juya, ko da mu ko ba mu, don ba mai bin hanyar in rana ta yi sanyi. Sabis yana zuwa yana ɗaukewa, batir yana sauka. Shafa ta fara, ta yi mutum biyu, na duba rana na ce, "Miƙo nan." Ita ta riƙe wayar a sama inda sabis ya fi kamawa tana karanto suna, ni ina bugawa. Ban ɗaga kai ba, ban sha ruwa ba. Wasu gurabun ba sa karɓar kwafe, sai an buga da hannu, lamba bayan lamba. Na gama ta ƙarshe direba yana danna hon na biyu. A mota Shafa ta kama hannuna tana jujjuyawa ta ce, "Anti, wallahi ko shekara goma zan yi ban iya wanga." Na ce na sani.

Da muka iso gari, iyayen yara suka cika ƙofar shago. Kun san abin da aka yi ta faɗa a Gummi har wata ya ƙare? Wai Shafa 'yar Malam Garba ta zo daga Abuja ta cece su. Wata ma har da kawo mini kaza, ta ce in ba Shafa in ta sake zuwa.

Don haka in kun ce sha'awa ce ta kawo ku, ba ni da ta cewa, ni ma ita ta kawo ni, ita ta kai Shafa inda ta kai. Amma ku san sha'awar me kuke yi. In ta shiga rediyo ce, ba ni da ita a shagon nan. In kuwa kina iya zama kan abu ɗaya har abincinki ya huce, ko yatsu ne ko kai, akwai wurinki.

Autata Maryam a shagon nan ta yi rarrafe. Tana shekara goma sha biyu tana buga shafi ba ta kallon hannu, ba kuskure. Ita na yi niyyar bar wa wurin nan, har na sa an ƙara teburin aiki na biyu saboda ita. Bara da ta gama sakandare ta same ni ina canza tawadar firinta, ta tsaya tana murza gefen hijabi.

Ta ce, "Inna, ni aikin Anti Shafa nike so."

Na ce, "Wanga da nike yi hwa?"

Ta ce, "Na iya shi, Inna. Wancan ne ban iya ba."

Ni na cike mata fom ɗin shiga jami'a a Abuja da hannuna, na karanta sau biyu. Ni na raka ta tasha, na ja kunnen direba, na tsaya har motar ta sha kwana. Shafa ce ta tarbe ta a can, a gidanta ta sauka kafin a ba su ɗaki. Bayan kwana huɗu Maryam ta kira ni. Ta gaishe ni a gurguje, sai ta shiga: Anti Shafa ta kai ta ofishinsu, Anti Shafa tana da mutum shida a ƙarƙashinta har da maza, Anti Shafa ta ce kaza, Anti Shafa ta nuna mata kaza. Na saurara har kunnena ya yi zafi. Daga nan na ce mata ta yi haƙuri, katina ya kusa ƙarewa.

Ta ce, "Inna, ai ni na kira."